Babi na Shida: Yadda Za Ka Tsaya Gaban Jama'a Ka Yi Magana

Ranar 8 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya, kuma kun san a ajinmu ɗalibai ne ke tashi su yi jawabi gaban mai unguwa da dagaci. Bara na ga wani dattijo da ba a kayar da shi a cinikin shanu, amma da aka miƙa masa abin magana sai takarda ta kama kaɗawa a hannunsa. Wannan ba abin kunya ba ne, 'yan uwa. Idan gaba ya faɗi, zuciya kan buga da sauri, baki ya bushe, gwiwa ta yi sanyi. Jiki ne ke shirin gudu kamar ya ga kura, kuma yakan lafa in an ba shi lokaci.

Darasi na 1: Kafin ka buɗe baki

Da an kira sunanka, tashi a hankali, ka je inda aka nuna maka. Kafa ƙafafunka biyu a ƙasa. Kada ka ce komai tukuna. Rufe baki, ja numfashi ta hanci kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu a zuci, sannan ka sake shi ta baki sannu-sannu. Yi haka sau uku, sannan ka ce "Assalamu alaikum", ka jira a amsa.

A nan kowa ke tuntuɓe. Mutum na kan hanya bai ko tsaya ba ya soma sallama, numfashi ya ƙare masa a tsakiyar gaisuwa, daga nan komai ya dagule. Ka tsaya. Ka numfasa sau uku. Sannan sallama. Kai za ka ga kamar ka shekara a tsaye, su kuwa jama'a ba su ma gama gyara zama ba. Yayin da suke amsa sallamar, ƙara numfasawa sau ɗaya.

Gwada yanzu a aji. Tashi, tsaya, numfashi uku, sallama. Madalla. Sake yi.

Darasi na 2: Takardarka

Kada ka rubuta jawabin duka. Mai sabon karatu idan ya sunkuyar da kai yana bin layi da yatsa, layi ɗaya ya ɓace masa, shi ke nan ya rikice. Nemi ɗan kwali kamar tafin hannu, don kwali ba ya kaɗawa irin ta takarda. Rubuta kalmomi uku da manyan baƙaƙe, kowace a layinta, misali GODIYA, KARATU, ROƘO. Dubi ta farko, ɗaga kai, faɗi abin da ke ranka a kanta kamar kana hira a dandali. Kafin ka koma ta biyu, numfasa.

Makon jiya na bayar da wannan aiki, mutum huɗu kaɗai suka zo da kwalinsu. Haba jama'a! Kalma uku ce fa. Kuma har yanzu wasu na yin sallama suna tafiya. Sau nawa zan faɗa? Tsayuwa, numfashi, sannan magana.

Darasi na 3: Gaisuwa da ido

Fara da manya: "Ranka ya daɗe dagaci, mai unguwa, iyayena maza da mata." Nemi fuskar wanda ka sani a cikin taro ka riƙa dubansa. Abin magana kuma kada ka manna shi a baki.

Darasi na 4: Gwaji a gida

Faɗi jawabin da ƙarfi gaban iyalinka sau biyu. Kada ya wuce minti 3. A zo da kwali ranar Asabar.