Obin ya ƙi kamawa saboda tsinken nama? Ga inda ake yin kuskure

Wasu obin na lantarki da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema a Gana suna zuwa da tsinken ƙarfe mai waya a gindinsa. Ana soka shi a nama, a jona wayar a wani ƙaramin soket da ke bangon obin daga ciki, shi kuma ya riƙa faɗa wa obin yadda zafi ya ratsa naman. Idan ya samu matsala, allon ya nuna wata lamba, obin ya yi ta ƙara, wani lokaci ya ƙi zafi sam.

Babban kuskure shi ne garajen kiran mai gyara ya canza allon kwamfutar obin, abin da ya fi komai tsada, alhali sau da yawa laifin bai wuce soket ba. Maiƙon gashi da tururi na taruwa a ramin, sai obin ya ɗauka an jona tsinke, shi kuwa yana can cikin durowa. Masu gasa kaji na biki a unguwannin Nima da Mamobi na Accra kan gamu da wannan, don obinsu ba ya hutawa, balle lokacin Babbar Sallah. Ku kashe wutar daga babban makunni, ku jira obin ya huce, ku naɗe auduga a tsinken sakace, ku ɗan jiƙa ta da sipirit, ku goge ramin har audugar ta daina fitowa baƙa. Ya bushe sarai kafin ku maido da wuta. Idan soket ɗin na da murfi, a riƙa rufe shi.

Sai wanki. Ana tsoma tsinken gaba ɗaya cikin ruwa tare da kwanuka, ruwa ya shige ta mahaɗar waya da ƙarfe, ya rikita na'urar da ke ciki. Tsumma mai ɗan danshi ya wadatar. Haka barin sa a obin lokacin da yake ƙone dattinsa da kansa: zafin kan doshi digiri 500 a ma'aunin Celsius, tsinken ba ya kai labari. Ƙofa ma kan datse wayar.

Gwajinsa ba wuya. Mai gyara ya ɗora mitarsa ta awon lantarki a bakin filogin tsinken, ku damƙe tsinin a tafin hannu. Lamba ta riƙa sauyawa a hankali, lafiya lau. Ta tsaya a sifili ko ta ƙi nuna komai, ya mutu, sai sabo. Kada ku sayi duk wanda bakinsa ya shiga ramin, don kowane kamfani da irin awonsa. Na wani zai ba da zafin ƙarya, kaza ta fito da jini a ƙashi. Ku tafi da lambar samfurin obin, galibi tana jikin bakin ƙofa. Ma'anar lambobin allo ma ta kamfani ce, littafin obinku ne zai faɗa.

In bayan ɗauke wuta lambar matsalar ta bayyana a allo, ku kashe makunnin na minti biyar tukuna, sau tari shi ke nan.

Wurin sokawa ma ana kuskure: tsinin ya shiga tsoka mai kauri, kada ya taɓa ƙashi ko tire. Kaza ta nuna idan cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius. Kafin sabon tsinke ya samu, muddin soket ɗin tsaf yake, ku zare tsohon ku ci gaba da gashi da agogo.