Yadda na hana burodi mai tsami bushewa a jakar yadi

Burodi mai tsami da nake gasawa yakan yi gumi a leda har fumfuna ta kama shi, amma da na koma jakar auduga sai ya riƙa bushewa, musamman da hunturu, domin iska tana ratsa yadi. Yanzu nakan bar shi ya huce sarai, sannan in kifa gefen da na yanka a kan katako in lulluɓe shi da jakar. Ba na sa shi a firji, saboda sanyin firji yana gaggauta taurinsa. Wanda ba za a ci da wuri ba nakan yayyanka in sa a firiza. Jakar kuwa da sabulu marar ƙamshi nake wanke ta, domin burodi yana ɗaukar ƙamshi.