Kwamfuta ta ƙi tashi bayan an ɗauke ta: kurakuran da aka fi yi da maganinsu

Ba a ƙera kwamfutar tebur don yawo ba. Idan aka tashi daga wani shago zuwa wani, aka ɗora ta a adaidaita sahu ta sha ramukan hanya, ko aka kwashe kayan cikinta aka mayar da su sabon akwati, ba abin mamaki ba ne a danna maɓalli ta yi gum. A irin wannan hali, yawanci ba wani abu ne ya mutu ba. Wani abu ne ya saki, ko aka jona shi ba a mazauninsa ba. Asarar da take samun mutane daga baya take zuwa, daga gaggawar gyara da gaggawar saye.

Kuskuren da ke haifar da sauran shi ne a ce "ta ƙi tashi" a tsaya nan. Ƙin tashi iri uku ne. Akwai wadda ba ta nuna alamar wuta ko kaɗan. Akwai wadda fankokinta ke juyawa amma monita baƙi ƙirin. Akwai kuma wadda tambarin Dell ko HP ke fitowa, sai Windows ta ƙi shiga. Ka fara tantance wacce ce taka, don kowacce da inda ake nemo matsalarta.

Idan babu wuta

A fara da waje. Soket ɗin sabon wurin yana da wuta? Ka jona cajar waya ka gani. A bayan fawafak da yawa, wato na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, akwai ɗan makunni mai alamar I da O, wanda hannu ke turewa wajen ɗauka ba tare da an sani ba.

Kusa da shi, a tsofaffin fawafak, akwai wani jan makunni mai lamba 115 da 230. A kula da wannan ƙwarai. Wutar Najeriya da Nijar ta ɓangaren 230 ce, ta Amurka kuwa 120 ce, shi ya sa 'yan tokumbon da suka fito daga can wani lokaci suke zuwa a kan 115. Wanda ya jona ta haka a wutarmu zai ji ƙara da ƙaurin ƙuna, fawafak ya tafi. Kada ka taɓa tura makunnin nan da sunan gwaji. Kuma kada ka buɗe cikin fawafak ko da ka zare waya, domin yana riƙe ragowar wutar da za ta iya yi wa mutum illa.

Ga wanda ya sauya akwati, abu biyu ne suka fi kama mutane. Na farko 'yar siririyar wayar da ke zuwa daga maɓallin kunnawa, mai rubutun PWR SW. Ƙananan allurai ne jere a gefen madabod, wato babban allon da ake jona kayan ciki a kansa, kuskuren allura ɗaya ya isa maɓallin ya daina aiki. Ka duba rubutun da ke jikin madabod, ka taɓa allurai biyun na kunnawa da bakin sukundireba na ɗan lokaci. In ta tashi, madabod lafiyarsa lau, waya ce ko maɓalli.

Na biyu ƙafafun tagulla da ake ɗaurawa tsakanin madabod da ƙarfen akwati. Dole kowace ƙafa ta zo daidai da ramin sukuru. Wasu su ɗaure madabod kai tsaye a kan ƙarfe, wasu su bar ƙafa ɗaya a inda babu rami, tana taɓa bayan madabod tana haɗa wuta. Alamarsa fanka ta motsa sau ɗaya ta tsaya. Maganinsa a fito da madabod a ɗora shi a kan kwali, a kunna shi da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da fankarta da ram (ma'ajiyar wucin gadi) guda ɗaya kawai. In ya tashi a waje ya ƙi a ciki, to akwatin ne.

Fanka na juyawa, monita baƙi

Nan ne ake yawan cewa, "Alhaji, ai madabod ya ƙone, sai dai a sayi wani." Sau da yawa ba haka ba ne.

Ka dubi inda wayar monita ta shiga. Idan kwamfutar tana da katin hoto na daban, wato katin da ke tura hoto zuwa monita, a jikin katin za a jona, can ƙasa, ba a ramin sama na madabod ba. Wanda ya kwance wayoyi da sauri ba ya tuna inda kowacce ta fito. Wasu furosesa ma ba sa fitar da hoto da kansu, kamar na Intel masu harafin F a ƙarshen lamba, don haka ramin saman ba zai taɓa nuna komai ba.

Daga nan sai ram, wanda girgizar hanya ta fi shafa. Ka kashe wuta, ka zare waya, ka danne maɓallin kunnawa na wasu daƙiƙu don ragowar wutar ta fita. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har riga ke tartsatsi in an tuɓe ta. Wannan 'yar wutar tana iya kashe ram. Ka buɗe maƙallan gefe, ka ciro shi ta gefunansa, ka hure ƙurar ramin, ka daidaita tsagar da ke ƙasansa da tudun da ke cikin ramin, sannan ka danna kai biyun har ka ji ƙas. Mutane da yawa tsoron dannawa suke yi, sai ram ya zauna rabi da rabi, ido na ganin kamar ya shiga. Ka gwada guda ɗaya tukuna, in bai yi ba ka sauya rami. Katin hoto shi ma a ciro a mayar, don nauyinsa na sa ya zame a hanya. Sababbin kwamfutoci masu ram nau'in DDR5 kan ɗauki 'yan mintuna monita na baƙi bayan an taɓa ram, sai a ba su lokaci.

Wayar wuta biyu ce ke shiga madabod irin na gama-gari: babba mai allura 24, da ƙarama mai 4 ko 8 kusa da furosesa. Ƙaramar ake mantawa, don tana lungu. Tana kama da wayar katin hoto, amma ba ɗaya ba ne. Wadda ke rabuwa 4 da 4 ta furosesa ce, mai rabuwa 6 da 2 ta kati ce. In waya ta ƙi shiga, kada a tilasta mata. Haka nan fawafak masu wayoyin cirewa, ba a ɗauko wayar wani a jona wa wani, ko da bakin ya shiga, domin jerin wutarsu ya bambanta, kuma hakan na ƙone faifan ajiya. Dell OptiPlex da HP na ofis da yawa suna da nasu bakin wuta na musamman, don haka kafin ka mayar da su wani akwati ka tabbata fawafak ɗin zai yi.

Kwamfutar ma tana faɗin damuwarta: ƙarar fito, ƙyaftawar fitilar maɓalli, ko ƙananan fitilu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Ka ƙirga ƙarar ko ƙyaftawar, ka nemi ma'anarta a littafin samfurin taka, don kowane kamfani da tsarinsa. Sannan ka riƙa sauya abu ɗaya ka gwada. Wanda ya taɓa abu biyar lokaci guda ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

Tambari ya fito, Windows ta ƙi

Wannan ya fi ba ni takaici, saboda nan ake yi wa mutane fomat ba gaira ba dalili, takardun ɗalibai da lissafin shago na shekaru su salwanta. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ta hanyar danna F2 a Dell ko F10 a HP da zarar ka kunna, ka ga ko tana ganin faifan. In ba ta gani, wayar SATA mai haɗa shi da madabod ce ko ta wutarsa ta saki. In tana gani, ka duba kwanan wata. Idan ya koma shekarun baya, batirin CR2032 mai kamar kwabo da ke jikin madabod ya yi sanyi ko ya goce, saitin ya koma na asali. Ka sauya batirin, ka mayar da faifan farkon jerin tashi, ka duba ko a UEFI aka girka Windows ko a Legacy, da kuma ko SATA tana kan AHCI ko RAID. Saɓani tsakanin waɗannan saitin na BIOS da yadda aka girka Windows kaɗai ya isa ya kawo shuɗin allo alhali fayilolinka na nan daram.

Idan ka mayar da faifan kan wani madabod sai Windows ta nemi mabuɗin BitLocker mai lamba 48, ba lalacewa ba ce, kulle ne. Ka duba asusun Microsoft da aka shiga da shi a kwamfutar, ko ka tambayi mai kula da kwamfutocin ofishinku. In mabuɗin bai samu ba, ka mayar da faifan kan tsohon madabod ɗinsa, ka kwashe fayilolinka zuwa wani faifan kafin kowa ya taɓa shi.