Yadda na magance ninkuwar bayanai bayan intanet ta dawo

Manhajar da nake aiki a kanta tana ajiye duk abin da aka shigar a IndexedDB, wato ma'ajiyar bayanai da ke cikin burauza, idan babu intanet, in intanet ta dawo sai ta tura wa sabar, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan ta adana su a rumbun bayanai. Matsalar ita ce wani lokaci shigarwa ɗaya sai ta fito sau biyu a rumbun bayanai, musamman inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa.

Da farko na zargi Service Worker, wato ɗan shirin da burauza ke gudanarwa a bayan fage don manhaja ta yi aiki ko babu intanet, na share duk abin da ya adana, ba abin da ya sauya. Na sa maɓallin aikawa ya kulle bayan dannawa ɗaya, nan ma shiru.

Ashe saƙon yana isa sabar lafiya har a rubuta shi, amsar ce ke ɓacewa a hanya. Burauza da ba ta ji komai ba sai ta sake turawa, sabar kuma ta karɓe shi kamar sabon baƙo, ta ba shi wata lamba.

Sai na ƙwace rabon lamba daga hannun sabar. Yanzu tun a na'ura ake ba kowace shigarwa lambarta da crypto.randomUUID(), umarnin burauza mai samar da uuid, wato doguwar lamba da ke da wuyar maimaituwa; sai a HTTPS (amintaccen haɗin intanet) ko localhost (kwamfutar da kake gwaji a kai) yake aiki, a kula. A PostgreSQL, rumbun bayanan da ke sabar, na mayar da id, wato gurbin lambar shigarwa, nau'in uuid kuma PRIMARY KEY don kada lamba ɗaya ta fito sau biyu a tebur, na ƙara ON CONFLICT (id) DO NOTHING a ƙarshen INSERT, umarnin shigar da bayani, don a tsallake shigarwar idan lambarta ta riga ta shiga. Ko sabo ne ko maimaici, sabar 200 take amsawa, wato alamar an karɓa lafiya, kuma sai an ga wannan amsar ake cire saƙon daga layin jiran turawa da ke na'ura.

Alhamdulillahi, hankali ya kwanta. Na tura saƙo iri ɗaya a jere da gangan, layi ɗaya tak ya shiga teburin.