Yadda za ka ba feret naman kaza ba tare da ka cutar da shi ba

Feret, dabbar nan mai dogon jiki kamar tunku da ake kiwo a gida a Turai da Amurka, nama kaɗai cikinsa ya sani. Hanjinsa gajere ne, abin da ya ci a cikin awa 3 zuwa 4 ya fita, shi ya sa yake ci kaɗan kaɗan sau da yawa, kuma hatsi da 'ya'yan itace da kayan zaƙi ba sa masa amfani. Abin da yake so furotin na dabba ne da kitse mai yawa, toh ka ga kaza ta dace da shi, amma fa ba kowane ɓangare ba.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne tsokar ƙirji. Suna ganin ita ce mai kyau tunda ita ce mai tsada, alhali ba ta da kitse sosai kuma wani sinadari mai suna taurin (taurine) da zuciyarsa ke buƙata kaɗan ne a cikinta. Cinya da fatarta ta fi, zuciyar kaza kuwa kar ta yanke maka a firiza don a nan taurin yake sosai, ƙundu ma ka sa masa yana motsa haƙora. Hanta tana da amfani amma da awo, kamar kashi 5 cikin 100 na abincinsa, in ta yi yawa bitamin A ya taru masa a jiki ya zama cuta, ga zawo. Agwagwa ta fi kaza kitse, tana da kyau ga wanda ya rame ko lokacin sanyi, talotalo kuma bai cika kitse ba sai ka haɗa da fata. Ka riƙa sauyawa tun yana ƙarami, don in ya wuce wata 6 bai san wani nama ba da ƙyar zai yarda cewa abinci ne.

Sai maganar ƙashi, ita ce ta fi damuna. Nama zalla ba shi da kalsiyam isasshe, in shi kaɗai kake ba shi wata da watanni ƙasusuwansa za su yi rauni, musamman mai tasowa. Masu ba da ɗanye suna bin kason 80 tsoka, 10 ƙashi, 10 kayan ciki, ƙashin kuma na fuffuke ne ko wuya, ɗanye. Dafaffen ƙashi kar ka kuskura ka ba shi ko sau ɗaya, yana tsagewa ya yi tsini ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji, ragowar kazar da kuka ci kenan ba tasa ba ce, balle ma akwai gishiri da magi da albasa da tafarnuwa a ciki, su biyun ƙarshen nan suna lalata masa jini.

Toh ɗanye ko dafaffe? Ɗanyen kaza na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter, ko da feret ɗin bai kwanta ba yana iya fitar da su a kashi su kama yaran gida. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne murar tsuntsaye, feret na kamuwa da mura cikin sauƙi har masu bincike da shi suke gwajin ta, kuma a Amurka an samu kyanwoyi da suka mutu da H5N1, wani nau'in murar tsuntsayen, bayan cin ɗanyen abincin da aka haɗa da naman tsuntsaye. Firiza ba ta kashe wannan ƙwayar, zafi ne ke kashe ta, sai tsakiyar naman ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius. Ni dai a ganina in ana maganar ɓarkewar cutar a yankinku, ko akwai jariri ko mai ciki ko tsoho a gidan, dafa kawai da ruwa ba komai a ciki, ka cire ƙashin, ka ba shi har da romon don wani taurin ɗin yana zuba a ruwan. Amma ka sani dafaffen nama mara ƙashi bai cika abinci ba, ka haɗa da abincin feret na kanti mai kyau, ko likitan dabbobi ya auna maka kalsiyam ɗin da za ka ƙara.

In ɗanyen ka zaɓa, sayi wanda aka yanka don cin mutane, ka raba ƙulli ƙulli na kwana ɗaya, ka narkar a cikin firji ba a kan tebur ba, faranti da wuƙa da hannu duk a wanke da sabulu. Kuma ka riƙa leƙa ƙarƙashin kujera da cikin shimfiɗarsa kullum, don halinsa ne ya ja nama ya ɓoye, gobe ya dawo ya ci ruɓaɓɓe. In ka ga amai, ko baƙin kashi, ko ya daina ci yana kai hannu baki, kar ka jira gari ya waye, kai shi asibitin dabbobi.