Sarƙa Ɗaya, Kai Iri-Iri: Yadda Ake Tsara Kayan Ado Masu Sauyawa

Mai ƙaramin jari ba za ta iya tara sarƙoƙi na kowace kalar atamfa ba. Mafita ita ce a raba kayan gida uku: jikin sarƙa, makulli, da kan sarƙa da ake cirewa a mayar. Jiki 3 da kai 8 guda 11 ne kacal a kan tebur, amma suna ba da haɗi 24. Lokacin biki, idan an fitar da anko, kan kawai za ki sake.

Duk aikin yana rataye ne a kan ƙaramin zoben haɗi. Ki zaɓi awo ɗaya ki tsaya a kansa: zobe mai faɗin milimita 6, kaurin wayarsa milimita 0.8 zuwa 1. Kowane kai, kowane ɗan kunne, kowane abin hannu a haɗa shi da wannan zoben. Ranar da kika sayo wani awo don ya fi araha, ranar tsarin ya fara wargajewa, domin kan da kika yi bara ba zai hau sarƙar bana ba.

Tsawon jiki: santimita 40, 45 da 50 sun ishi yawancin masu saye. Abin hannu 17 zuwa 19. Ki ƙara jelar sarƙa ta santimita 5 a bayan makulli, mai saye ta daidaita da kanta.

Wajen yin kai, ki zura tsakiya ko murjani a allurar waya mai kai, ki bar santimita 1 a sama, ki lanƙwasa ta a kwance, sannan ki naɗe da filaya mai zagayen baki har madaukin ya rufe ruf. A jikin madaukin sai ki sa ƙaramin makulli mai harshe, na milimita 10 ko 12, wanda za a riƙa maƙalawa a zoben da aka sa a tsakiyar sarƙa. Dutsen gilashi irin na Bida yana da nauyi kuma raminsa da faɗi, don haka a tare shi da ƙaramar tsakiya a ƙasa kada ya sulluɓe.

Zobe kuwa da filaya biyu ake buɗe shi, a murɗa wannan bakin gaba, ɗayan kuma baya. Idan aka ja shi gefe da gefe, zagayensa ya lalace, bakin ba zai sake haɗuwa ba, kuma ta wannan ɗan gibin kai ke faɗuwa. In kai yana juyawa yana kallon gefe, ƙara zobe ɗaya ko rage ɗaya. Kowane zobe yana juya fuskar kan da kwatan zagaye.

Abin da ya fi ɓata suna shi ne ƙarfe. Ruwan gwal na dila daban-daban ba ya zama kala ɗaya, wani ja-ja wani fatsi-fatsi, to ki sayi zobba, makullai da sarƙa a wuri guda, da yawa. Ƙarfe mai nikel yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, musamman a kunne, gara ƙarfen da ba ya tsatsa ko azurfa mai lamba 925. Ki gaya wa mai saye ta shafa humra da turare tukuna su bushe kafin ta sa, don suna cin ruwan gwal.

Farashi ma a raba shi: jiki da kuɗinsa, kowane kai da nasa, a rubuta awon zoben a littafin ciniki don sayayya ta gaba.