Yadda za a shawo kan gurɓatar wuta daga na'urorin sarrafa gudun inji

Masu injinan cashe shinkafa da masu manyan famfunan ruwa a Sakkwato sun karɓi na'urar VFD hannu bibbiyu, domin tana rage ko ƙara gudun inji gwargwadon aiki, kuɗin wuta kuma ya sauka. Sai dai na'urar ba ta jan wuta a miƙe yadda inji yake ja. Guntu-guntu take fizgarta, kuma wannan fizga ce ke haifar da abin da injiniyoyi ke kira hamonik, wato ƙananan igiyoyi da ke hawa kan wutarmu mai zagaye 50 a sakan. Na'urar da aka fi samu a kasuwa, mai bugu shida, wato mai fizgar wuta sau shida a kowane zagaye, ta fi fitar da hamonik na 5 da na 7, wato ninki 5 da ninki 7 na zagaye 50 ɗin nan, zagaye 250 da 350 a sakan, sai na 11 da na 13.

Alamun farko su ne taransifoma mai zafi fiye da kima, da fis mai ƙonewa ba gaira ba dalili, da kafasita (na'urorin da ke ɗan adana wuta su sake ta) masu kumbura. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, taransifomar da hamonik ya ƙara wa zafi ba ta da inda za ta huce.

Kafin a sayi komai, a fara da awo. A ɗaura na'urar auna ingancin wuta a daidai inda layin masana'anta ya haɗu da na kamfanin rarraba wuta, wanda a nan shi ne Kaduna Electric, a bar ta har mako guda ana aiki yadda aka saba. Ƙa'idar IEEE 519, wadda ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta tsara kan hamonik, ta ce jimillar gurɓatar ƙarfin wuta kada ta wuce kashi 8 cikin 100 a layin da bai haura bolt 1,000 ba, a layin bolt 11,000 ko 33,000 kuwa kashi 5. Ina ba da shawarar a maimaita awon lokacin da janareta ke ɗauke da kayan, saboda janareta ba shi da ƙarfin layin kamfanin rarraba wuta, gurɓatar da ba ta kai ta kawo ba a kan layi tana iya zama matsala babba a kansa, kuma mu nan rabin aikinmu a kan janareta muke yi.

Idan awo ya nuna an wuce iyaka, magani mafi araha shi ne riyakta, wato naɗaɗɗiyar waya mai rage kaifin fizgar wuta, mai girman kashi 3 zuwa 5, a gaban kowace na'urar VFD, wadda kan sauko da gurɓatar wutar da ake ja zuwa wajen kashi 35 ko 40 (wannan awo daban ne da na gurɓatar ƙarfin wuta da aka ambata a sama). In hakan bai isa ba, akwai na'ura mai bugu 12, wadda ke kashe yawancin hamonik na 5 da na 7, ko matatar lantarki mai auna gurɓatar tana soke ta nan take, ko da yake tsadarta ba ta wasa ba ce.

A kula sosai da kafasitan da aka girka don gyara ingancin amfani da wuta, domin suna iya haɗa kai da taransifoma su ninka hamonik na 5. A sa musu riyakta ta kashi 7, sannan a sake awo bayan an gama girkawa.